Tsagogin da Ke Hana Injin Jirgin Sama Shaƙewa

A safiyar ranar 27 ga watan Disamban 1991, wani jirgin sama ƙirar MD-81 na kamfanin SAS ya tashi daga filin jirgin saman Arlanda da ke kusa da Stockholm, babban birnin ƙasar Suwidin, ɗauke da mutum 129. Jirgin ya kwana a fili cikin sanyi, ƙanƙara kuma ta daskare a saman manyan fikafikansa, garau kamar gilashi, ta yadda ko da aka wanke shi kafin tashi ba a gano ta ba. Ɗagawar jirgin ke da wuya fikafikan suka ɗan lanƙwasa, ƙanƙarar ta ɓalle ta faɗa cikin injinan biyu da ke manne a bayansa. Nan take fasinjoji suka fara jin ƙara kamar ta harbin bindiga, ɗaya na bin ɗaya. Kafin a cika minti biyu a sama, injinan biyu sun mutu. Matuƙin jirgin, Stefan Rasmussen, ya saukar da shi a wani fili kusa da ƙauyen Gottröra, inda ya karye gida uku, amma cikin ikon Allah ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Masu binciken haɗarin sun gano cewa ƙanƙarar ba ita ta kashe injinan kai tsaye ba. Abin da ta yi shi ne lalata fankar gaba, wanda ya dagula tafiyar iska, har sashen da ke matse iska a cikin injin ya kasa riƙe ta, ta riƙa dawowa da baya da ƙarfi. Kowace ƙara da fasinjoji suka ji, dawowar iskar ce. Wata na'ura mai sarrafa kanta, wadda matuƙan ba su san da ita ba, ta ci gaba da ƙara wa injinan wuta a daidai lokacin da ya kamata a rage, har ƙarafan ciki suka kakkarye.

Wannan cuta ta dawowar iska ta girmi haɗarin Gottröra nesa ba kusa ba, domin tare da ita aka haifi injin jet. Daga cikin magungunan da injiniyoyi suka shafe sama da shekara 50 suna gwadawa, akwai wani da a ido bai kai ya kawo ba: a sassaƙa 'yan tsagogi ko ramuka a jikin bangon ƙarfen da ke kewaye da fikafikan injin. Ba waya, ba kwamfuta, ba wani abu mai motsi. Yana aiki, sai dai yana da farashi, kuma a kan wannan farashin ake ta ciniki har yau.

Tura iska inda ba ta so

Injin jet yana zuƙar iska ta gaba, ya matse ta, ya zuba mata mai ya cinna wuta, sannan hucin ya fita ta baya da gudu, bayan ya juya wata farfela da ake kira turbain. Ita wannan farfela ita ce ke juya sashen matse iskar, wato kwamfireso, domin sanda ɗaya ce ta haɗa su. A manyan injinan jiragen fasinja kwamfireson jerin faya-fayai ne, kowane faifai an jera masa ƙananan fikafikan ƙarfe a gefensa yana juyawa, a bayansa kuma akwai wani jerin fikafikan da ke tsaye cak a jikin bango. Jeri mai juyawa da jeri na tsaye su ne hawa ɗaya. Kowane hawa yana ƙara wa iska matsi kaɗan ya miƙa wa na bayansa. Injin GE9X, wanda aka ƙera domin jirgin Boeing 777X, yana da hawa 11 a kwamfiresonsa na ciki, waɗanda ke ninka matsin iska sau 27, idan kuma aka haɗa da fanka da sauran hawan gaba, ninkin yakan kai kusan 60.

Wahalar aikin a fili take. Ɗabi'ar iska ita ce ta gudu daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, shi kuwa kwamfireso akasin haka yake tilasta mata. Misalinsa kamar mai tura kurar ruwa ne a kan hawa: muddin ƙafarsa na kama ƙasa kurar na gaba, amma da zarar santsi ya kwashe shi, kurar da nauyinta kansa za su dawo. Turbain ba ta da wannan damuwa, domin ita gangara take bi.

Kowane ƙaramin fiffike a cikin kwamfireso yana aiki ne kamar fiffiken jirgi. Yana buƙatar iska ta same shi ta kusurwar da ta dace. Idan yawan iskar da ke shigowa ya ragu alhali faifan na juyawa da gudunsa, kusurwar takan karkace, iskar ta saki bayan fiffiken ta hargitse, hanyar da ke tsakanin fiffike da fiffike ta toshe. Wannan ita ce shaƙewa.

A shekarar 1955 Howard Emmons na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka bayyana dalilin da ya sa shaƙewar ba ta zama wuri ɗaya. Idan hanya ɗaya ta toshe, iskar da ta nufo ta sai ta kauce dama da hagu, kamar yadda motoci kan kauce wa motar da ta mutu a tsakiyar titi. Kaucewar takan gyara wa maƙwabcin gefe ɗaya kusurwa, ta ɓata wa na ɗaya gefen. Wanda aka ɓata wa sai ya shaƙe, wanda ya fara shaƙewa kuma ya farfaɗo. Haka toshewar ke tsallakawa daga fiffike zuwa fiffike tana zagaya injin, da gudun da bai kai na faifan ba, sau da yawa kusan rabinsa. Injin da ya faɗa wannan hali ƙarfinsa yakan zube, zafinsa ya hau, fikafikansa su yi ta kaɗawa, wani lokaci ma ba ya fita daga ciki sai an kashe shi an sake tayarwa.

Mataki na gaba ya fi muni. Idan toshewar ta yi yawa, iskar da aka riga aka tara a ɗakin ƙona mai takan ɓalle ta yo gaba gaba ɗaya, wani lokaci da harshen wuta ta bakin injin. Matsi ya faɗi, kwamfireso ya sake kamawa, ya sake tarawa, ta sake ɓallewa, sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ana iya kiran wannan tumbuɗi, kuma shi ne abin da aka ji a jirgin SAS. Edward Greitzer, wanda daga baya ya zama farfesa a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, ya nuna a 1976 cewa girman ɗakin da iska ke taruwa da gudun fikafikai ne ke tantance ko injin zai tsaya a shaƙewa mai zagayawa ko zai zarce zuwa tumbuɗi.

Saboda haka ba a barin injin ya yi aiki a bakin iyaka. Akan bar masa tazara, wadda a injinan jirage takan kai kashi 20 cikin 100 ko kusa da haka. Abin takaici ga mai ƙira shi ne, wurin da kwamfireso ya fi ba da matsi yana dab da wurin da yake shaƙewa. Tazarar kuwa ba ta ado ba ce, akwai masu cinta: ƙara wuta cikin gaggawa, iskar da ke bugowa ta gefe a lokacin tashi, ruwan sama da ƙanƙara, tsuntsun da ya faɗa ciki, da kuma tsufa. A ranar 4 ga Afrilun 1977 wani jirgin DC-9 na kamfanin Southern Airways ya rasa injinansa biyu a jihar Jojiya ta Amurka bayan ya shiga ruwan sama mai ƙanƙara. Jirgin yaƙin F-14 na sojojin ruwan Amurka kuwa ya yi ƙaurin suna da shaƙewar injinsa na farko, TF30, har aka maye gurbinsa da wani.

Tun a shekarun 1950 aka samo manyan dabarun kare wannan tazara. Kamfanin Pratt & Whitney ya raba kwamfireso gida biyu a injin J57, kowane da sandarsa da gudunsa. Kamfanin General Electric ya sanya wa injin J79 fikafikan tsaye masu karkatawa daidai da gudun injin. Akwai kuma ƙofofin da ke buɗewa su zubar da rarar iska idan injin na tafiya a hankali. Dukkansu suna nan a injinan yau, kuma dukkansu nauyi ne, kuɗi ne, sannan abubuwa ne masu motsi da kan iya lalacewa.

Ratar da ba ta kai kaurin farce biyu ba

Tsakanin bakin fiffike mai juyawa da bangon da ke kewaye da shi dole a bar rata, in ba haka ba ƙarfe zai ci ƙarfe. Ratar ƙarama ce ƙwarai. A wani faifan gwaji da hukumar NASA ta ƙera a ƙarshen shekarun 1970, wanda aka sani da Rotor 37, ba ta kai rabin milimita ba. Faifan na da fikafikai 36, yana juyawa sama da sau 17,000 a minti ɗaya, bakin fikafikansa na gudun mita 454 a daƙiƙa, wato ya zarce gudun sauti, kuma shi kaɗai yana ninka matsin iska fiye da sau biyu. Har yau shi ne ma'aunin da masu bincike a ƙasashe da dama ke gwada lissafinsu a kansa.

Ta wannan 'yar rata ce matsala ke shigowa. Gaban fiffike yana da matsi mai yawa, bayansa kaɗan, don haka iska takan tsallaka ta saman bakin daga wannan gefe zuwa wancan. Da ta fito sai ta ci karo da babbar iskar da ke wucewa, su nannaɗe su zama wata siririyar guguwa da ke ratsa hanyar da ke tsakanin fikafikai. A lokacin da komai ke tafiya daidai, babbar iskar na da ƙarfin da za ta kwashe guguwar ta yi baya da ita. Idan aka matsa wa kwamfireso, iskar da ke shigowa ta ragu, yoyon kuma ya ƙaru, sai guguwar ta fara miƙewa tana matsowa gaba. A faya-fayan da ke gudu fiye da sauti akwai ƙarin masifa, domin a gaban kowane fiffike akan sami wata siririyar katanga inda matsi ke tashi farat ɗaya, kuma idan guguwar ta ratsa ta takan kumbura ta fashe, ta bar tarin iska marar ƙarfi a tsakiyar hanya.

Binciken da Ivor Day da T. R. Camp suka wallafa a 1998 daga ɗakin gwaji na Whittle a Jami'ar Cambridge ta Ingila ya nuna cewa shaƙewa na shigowa ta hanya biyu. Wata takan fara da lallausar igiya mai faɗi da ke girma a hankali. Wata kuwa takan ɓullo kwatsam a bakin fikafikai biyu ko uku, kuma cikin 'yan juyi kaɗan ta mamaye faifan. A injin da ke juyawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, 'yan juyi kaɗan ba su kai ƙiftawar ido ba. A 2008 Huu Duc Vo da Choon Tan da Greitzer suka danganta irin ta biyun da lokacin da iskar yoyon ta kai ga gaban fiffike ta fara malala zuwa hanyar maƙwabci. Wani bincike na 2015, wanda masana daga Cambridge da MIT suka yi tare, ya ƙara da cewa asalin abin shi ne iska ta saki goshin fiffiken, ko da rata ko babu. Duk da wannan bambanci, an haɗu a kan abu ɗaya: a yawancin kwamfiresoshin zamani masu gudu, a bakin fiffike, dab da bango, wutar ke fara kamawa.

Maganin da aka tsinta

Ba da niyya aka gano amfanin sassaƙar bango ba. A ƙarshen shekarun 1960 injiniyoyin General Electric na gudanar da wani gwaji da NASA ta ɗauki nauyi, inda suke son ganin ko hura iska ko zuƙe ta ta jikin bango zai jinkirta shaƙewa. Domin iskar ta sami hanyar wucewa, sai suka sanya wani bango mai ramuka kamar saƙar zuma a saman fikafikan. Da suka rufe bututun, ba hurawa ba zuƙa, domin su sami ma'aunin kwatanci, sai suka tarar kwamfireson ya fi jure matsi fiye da yadda yake da bango sumul. Ramukan kawai sun wadatar.

Cibiyar bincike ta Lewis da ke birnin Cleveland a jihar Ohayo, wadda aka sauya wa suna zuwa Glenn a 1999, ta ɗora daga nan. A farkon shekarun 1970 an gwada kusan duk siffar da hannu zai iya sassaƙawa: huda-huda, saƙar zuma, tsagogi a tsaye, a kwance, a karkace. An ga wasu na aiki sosai, wasu kaɗan, ba tare da an san takamaiman dalili ba. Bayanin ya biyo baya ne a hankali, daga ayyukan Hiroyuki Takata na Jami'ar Tokyo a 1977, da na G. D. J. Smith da Nicholas Cumpsty a Cambridge a 1984, waɗanda suka auna iskar da ke shiga tsagogin da wadda ke fita.

Daga cikin tarin siffofin, iri biyu ne suka yi fice. Na farko tsagar zobe ce, wato kwarin da aka yanka ya kewaye bangon gaba ɗaya kamar zobe, sau da yawa guda uku zuwa shida a jere a saman fikafikan. Idan fiffike ya zo wucewa, iskar gefen da ke da matsi takan kutsa cikin kwarin ta fito ta ɗaya gefen, kuma wannan shiga da fita na datse guguwar yoyon, ya rage mata ƙarfin turowa gaba. Tsagar zobe na da sauƙin yankawa, kuma da yake siffarta ɗaya ce ta kowane gefe, fiffike ba ya jin wani bugu idan yana wucewa ta ƙarƙashinta.

Na biyu gajerun tsagogi ne masu yawa da aka jera a kewayen bangon, kowace ta miƙe daga gaba zuwa baya, galibi an kwantar da ita ta fuskar da faifan ke juyawa. Aikinsu ya fi na zobe ƙarfi nesa. Ƙarshen tsagar na baya yana saman wurin da matsi ya riga ya hau, ƙarshenta na gaba kuma yana inda matsi bai hau ba. Saboda haka tsagar takan zama wata 'yar hanyar komawa: ta tsotse gajiyayyar iskar da ta taru a bakin fiffike daga baya, ta kai ta gaba, ta feso ta cikin babbar iska. Kowane wucewar fiffike kamar bugun famfo ne a gare ta. Abin lura a nan shi ne, tsarin na daidaita kansa da kansa, domin gwargwadon yadda kwamfireso ya kusanci shaƙewa, gwargwadon yadda bambancin matsin ke ƙaruwa, tsotson ya ƙara ƙarfi.

Sai dai maganin ba na kowace cuta ba ne. A 1979 Greitzer da abokan aikinsa a Pratt & Whitney suka gwada sassaƙa iri ɗaya a kan faya-fayai biyu, ɗaya mai fara shaƙewa daga bango, ɗaya mai farawa daga jikin fiffike. Na farkon ya amfana sosai, na biyun kusan bai ji komai ba. Darasin ya zauna tun daga lokacin: kafin a taɓa bango, sai an tabbatar daga ina shaƙewar ke tasowa. Haka kuma babu tsagar da za ta ceci injin da ƙanƙara ta riga ta lanƙwasa wa fanka alhali ana ƙara masa wuta, irin na Gottröra. Abin da take yi shi ne faɗaɗa filin da injin mai lafiya, ko mai ɗan rauni, zai iya motsawa a ciki kafin ya kai gaɓa.

Farashin

Iskar da aka matse sannan aka mayar da ita gaba domin a sake matse ta, aiki biyu ne a kan abu ɗaya. Tana dawowa da zafi, kuma cakuɗuwarta da sabuwar iska asara ce. A 1984 Takata da H. Fujita suka jera sakamakon siffofi masu yawa a kan ma'auni ɗaya, sai ga shi kusan dukkansu sun hau layi guda: wadda ta fi ƙara tazara ita ta fi cin inganci. Gajerun tsagogi kan iya ƙara tazarar da kashi 20 cikin 100 ko fiye a gwaji, amma su ci maki ɗaya ko biyu na inganci, wani lokaci fiye. Tsagar zobe ba ta cika cin komai ba, amma abin da take bayarwa ma kaɗan ne.

Maki ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a wannan sana'a. Man jirgi yakan cinye tsakanin rubu'i zuwa sulusin kuɗin da kamfanonin jiragen sama ke kashewa a duniya, kuma a Najeriya an ga yadda tsadarsa ta sa ƙungiyar kamfanonin jiragen cikin gida ta yi barazanar dakatar da zirga-zirga a watan Mayun 2022. Injin da zai yi shekara 20 ko 30 yana aiki, ɗan ƙarin da yake sha a kowace awa yakan taru ya zama dukiya. Ga shi kuma ana biyan wannan haraji a kowace daƙiƙa ta tafiya, alhali tazarar da aka saya da shi ba a bukatarta sai a 'yan lokuta ƙalilan. Wannan ne ya sa masu ƙera injinan soja, waɗanda jiragensu ke juyi mai tsanani suna shaƙar iska a karkace, suka fi saurin karɓar dabarar fiye da masu ƙera na fasinja.

Yawancin binciken shekaru 25 da suka wuce ƙoƙari ne na sauka daga layin Fujita da Takata, wato a sami tazarar ba tare da an biya cikakken kuɗinta ba. Kwamfutoci masu ƙarfi sun ba da damar ganin abin da ke faruwa a cikin tsaga dalla-dalla. A farkon shekarun 2000 masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Munich da ke Jamus suka nuna cewa idan aka ba gajerun tsagogin siffar rabin da'ira, aka kuma matsar da su gaba ta yadda rabin fiffiken kawai suka rufe, asarar na raguwa sosai alhali yawancin amfanin na nan. A 2002 Michael Hathaway, wanda ke aiki a cibiyar Glenn, ya gabatar da wani tsari na daban: a huda bango a baya, a ja bututu ta waje, a dawo da iskar ta wasu 'yan bakuna masu feshi a gaban fiffike, ta kusurwar da aka zaɓa da kyau, maimakon a bar ta ta fito yadda ta ga dama.

Wani gwaji mai sauƙi da Tim Houghton da Ivor Day suka wallafa a 2011 ya nuna yadda al'amarin ke da tsantseni. Tsagar zobe guda ɗaya tak suka ɗauka, suna matsar da ita daga gaban fiffike zuwa bayansa suna aunawa. Sun sami wurare biyu masu kyau, ɗaya dab da goshin fiffiken, ɗaya wajen tsakiyarsa, kuma na tsakiyar ne ya fi ƙarancin asara. A tsakanin wuraren biyu akwai inda tsagar ba ta da wani amfanin kirki. Tazarar da ke tsakanin wuri mai kyau da marar kyau 'yan milimitoci ne. Wannan na bayyana dalilin da ya sa siffar da ta yi nasara a wani injin kan gaza a wani, da kuma dalilin da ya sa har yanzu babu wata ƙa'ida guda da mai ƙira zai buɗe littafi ya kwafa.

A ƙasar Sin, Sun Xiaofeng na Jami'ar Beihang da ke Beijing ya bi wata hanya: bango mai huda da ɗaki a bayansa, wanda manufarsa ba kwashe iska mai yawa ba ce, illa ya shanye ƙananan igiyoyin da ke share wa shaƙewa fage tun ba su girma ba.

Ko an shawo kan batun inganci, akwai sauran ƙura. Kwamfireso na gaske hawa-hawa ne, kuma wanda ke fara gazawa yana sauyawa: idan injin na tafiya a hankali hawan gaba ne ke cikin haɗari, idan yana cikakken gudu na baya ne. Gyara hawa ɗaya na iya sauya yanayin iskar da na bayansa ke karɓa, matsalar ta yi ƙaura kawai. Gajerun tsagogi kuma na dukan fiffike da bugun iska sau dubbai a daƙiƙa, abin da ke iya gajiyar da ƙarfe idan bugun ya dace da kaɗawar fiffiken. Sannan bangon yawancin injina an shafe shi da wani abu mai laushi da bakin fiffike ke iya gogewa ba tare da lahani ba, kuma sassaƙa a cikinsa na dagula wannan tsari.

Inda dabarar ta riga ta zama ruwan dare, ba a jirgi ba ne. Turbo ɗin manyan motoci da na manyan janaretocin dizal ƙaramin kwamfireso ne mai faifai ɗaya, kuma shi ma yana tumbuɗi idan direba ya ɗaga ƙafa farat ɗaya. Duk bakaniken da ya leƙa bakin irin wannan turbo zai iya ganin wata tsaga mai kewaye a jikin bango da wata hanya a bayanta da ke komawa bakin shiga. Kamfanin Holset na Ingila na cikin waɗanda suka yaɗa wannan ƙira tun a shekarun 1980, kuma hikimarta ɗaya ce da ta gajerun tsagogin injin jirgi.

Akwai dalilai biyu da ke sa ake ganin bukatar sassaƙar bango za ta ƙaru. Na farko tsufa ne. Yashi da ƙura na cin bakin fikafikai, ratar ta faɗaɗa, yoyo ya ƙaru, tazarar da injin ya fito da ita daga masana'anta ta riƙa zaizayewa. Injinan da ke aiki a yankunan Sahara da Gabas ta Tsakiya, har da masu sauka a Kano da Maiduguri da Yamai a lokacin hunturu, sun fi fuskantar wannan, shi ya sa injiniyoyi kan zura 'yar kyamara cikin injin lokaci-lokaci domin duba bakin fikafikan. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa kwamfireso mai sassaƙaƙƙen bango bai cika jin zafin faɗaɗar ratar ba kamar mai bango sumul, kuma asarar ingancin da sassaƙar ke jawowa takan ragu idan ratar ta riga ta yi faɗi.

Na biyu shi ne alƙiblar da ƙirar injina ta dosa. Domin tsimin mai, ana ƙara girman fankar gaba ana kuma rage girman cikin injin, tare da ƙara matsi. Sakamakon haka fikafikan hawan ƙarshe na ta ƙanƙancewa, wasu tsayinsu bai wuce santimita biyu ba. Ratar bakinsu kuwa ba ta raguwa daidai da su, domin ƙarfe na buɗewa da zafi, sanda na ɗan lanƙwasa, jirgi na jijjiga a lokacin sauka. Rabin milimita a kan fiffike mai tsayin santimita 10 rabin kashi ɗaya ne cikin 100 na tsayinsa, amma a kan mai santimita ɗaya da rabi ya haura kashi 3.